Mai Amsa Sunan Gidan Ubihi

Tinwalin, 10 ga Disamba, 1987

Zuwa ga Yidir, ɗan wana Bassu, Allah ya jiƙan Bassu.

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran da ban sani ba sai a hoto. Mu dai ga mu nan. Ƙugun da na karya a farkon shekarar nan ya ɗinke, amma a karkace. Da sanda biyu nake zuwa masallaci, sallah kuma a zaune. 'Yata Itto tana zuwa daga ƙauyen mijinta duk Talata, ta gasa mini burodin sati ɗaya, ta yi mini faɗan wata guda. Dabinon bana ya yi dama-dama.

Si Mbarak mai shagon yadi ne yake rubuta mini. Na ce ya sa magana yadda ta fito, kada ya shafa mata turare. In ka ga kalma mai daɗi a ciki, tasa ce.

Littafin waƙoƙinka ya iso. Ka aiko wa mutumin da bai san alif ba littafi, dole a karanta masa, shagon Mbarak kuwa ba a rufe ƙofarsa. Kwana uku ana karantawa bayan la'asar, rabin gari a tsaye. An ce har lambar yabo aka ba ka. Madalla. Ni ga abin da kunnena ya ji.

Ka ce rufin gidanmu ya rufta, kurciyoyi ne ke kwana a ɗakin kakarka. Rufin nan ni na sake masa azara shekara shida da suka wuce, kuma a ɗakin nake kwana. Ka ce akwai itacen rumman a tsakar gida. Ba a taɓa shuka rumman a gidanmu ba. Na Addi maƙwabcinmu ne, reshe ɗaya ne yake leƙowa ta katanga. Da aka zo wurin, Addi ya ce, "Ashe yaron nan bai tsaya ga 'ya'yan ba, har itacen ya sace." Aka yi ta dariya.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma akwai baiti guda da na sa aka maimaita har na haddace:

A bakin magudana ana kiran gidan Ubihi,
Ruwa ya saurara, babu mai amsawa.

Kana da shekara tara aka tafi da kai Tanja, can bakin teku, wataƙila ka manta yadda ake yi. Kowace shekara, kafin ruwan dutse ya sauko, ana yasar magudana, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin gari, kowane gida da ranarsa. Mai rabon ruwa ya tsaya a bakinta ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka kira, namiji daga jininsa ya ce "Ga mu", ya sauka da ƙafarsa, ya cika kwandon farko da laka, ya ɗora a gaɓa da hannunsa. Bayan wannan ko ɗan ƙodago ne ya ƙarasa maka, ba ruwan kowa. Amma kwandon farko ba a ɗaukar wa mutum, ba suruki, ba aboki. Gidan da ya yi shekara biyu a jere kwandonsa bai hau ba, an cire sunansa daga kira, an raba ranar ruwansa ga maƙwabta.

Shekara talatin da biyu ina amsa sunan nan, tun ranar da ubanka ya ce zai je bakin teku ya yi shekara biyu ya dawo. Sau ɗaya na fasa, a yasar da ta wuce, ina kwance a asibiti an rataye mini ƙafa. Sau ɗaya. Sai ga ɗan wana ya buga a littafi duniya ta karanta. Mai rabon ruwa yanzu Addi ne. Kullum muka haɗu sai ya tambaye ni, "Ina kwana, babu mai amsawa?"

Yasa mai zuwa a watan Maris take. Ɗa namiji ba ni da shi, ka sani. Dabino goma sha tara ne a kan ranar ruwan nan. Ban ce ka yi komai ba, labari nake ba ka.

Baffanka,
Hammu ɗan Ubihi

*

Tanja, 12 ga Janairu, 1988

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya, sai dai ƙaramar ta yi ta fama da tari, yanzu ta samu sauƙi. Aikin makaranta ya yi mini yawa, shi ya sa amsar ta yi jinkiri. Ban san ka karya ƙugu ba. Babu wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Ka ba ni kunya, kuma da gaskiyarka. Amma ka bari in faɗi yadda abin yake a wurinmu masu wannan sana'a.

Tun zamanin da, mai waƙa in zai yi maganar mutanensa, yakan fara da tsayawa a kufai. Ko gidan yana nan da ƙarfinsa, sai ya rusa shi a takarda, don a gidan da ya rushe ne ake iya ganin kowa a lokaci ɗaya, matattu da masu rai. Gidan da na rubuta ba wanda kake kwana a ciki ba ne. Wanda yaro ɗan shekara tara ya ɗauko a kansa ne, ya yi ta yawo da shi daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya har ya marmashe. Rumman kuwa, Baffa, yaron da ke tsaye a gindin katanga in ya ɗaga kai, reshen da ya gani a samansa na gidansu ne. Na san na Addi ne. Duwawuna sun sani.

Baitin magudana na rubuta shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a satin da muka binne Baba a nan Tanja, cikin ƙasar da ba tasa ba. Ban san komai game da bara ba. Da na ce babu mai amsawa, kaina nake nufi. Ban yi tunanin za a karanta shi a shagon Si Mbarak ba, inda kowa ya san wanda ke amsawa. Wannan sakacina ne.

Za a sake buga littafin da bazara. Zan ga abin da zan iya yi. Kafin nan, ka ba ni labarin kakana Ubihi. Abin da na sani a kansa duk daga bakin Baba ne, Baba kuma ka san shi da ƙara gishiri.

Ɗanka,
Yidir

*

Tinwalin, 4 ga Fabrairu, 1988

Yidir,

Sallama. Allah ya raba yarinyar da tari, a dafa mata zuma da na'a-na'a. Ni sanyin bana ya shiga ƙashin, da safe sai na yi shawara da ƙafar kafin ta yarda ta taka.

An karanta mini bayaninka. Na gane. A sana'arku sai an rusa gida kafin a so shi. A tamu sana'ar, kowace kaka ana kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi a toshe inda ya tsage, ba wanda ke ba ka lambar yabo. Ka ce ka ɗauki gidan a ka har ya marmashe. Ni a ƙugu na ɗauke shi, daga saman katangarsa na faɗo.

Ka tambayi labarin kakanka. A littafinka ka ɗora shi a kan farin doki, da bindiga, yana tsare ƙofar gari. Ubana bai taɓa hawan doki ba. Jaki gare shi, mai kunne ɗaya. Baƙo ne a garin nan, daga kudu ya zo yana ɗinkin salka, ba gona, ba ruwa, ba suna a kira. Shekara goma sha ɗaya yana yashe rabon wasu a magudana, har dattawa suka ji kunya suka yanka masa rabin yini, ranar Laraba daga hantsi zuwa la'asar. Ranar da aka fara kiran "gidan Ubihi", an ce bai iya amsawa ba sai a kira na uku, don bai saba jin sunansa a bakin manya ba. Wannan bai isa waƙa ba, sai an nemo masa doki?

Sannan ka ɗauki kakarka da gwaggonka Tuda ka mai da su mace ɗaya, mai niƙa tana waƙa. Mbarak ya ce haka ake yi, wai a tara mutum biyu a jiki ɗaya don ya yi nauyi. Matan nan shekara ashirin ba sa ga-maciji. Da za su ji ka haɗa su a zane ɗaya, da maƙabarta ba ta zaunu ba. Kuma wadda ke niƙan ba ɗayansu ba ce, matata ce, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta shiga littafin ba. Ni ma na sa Mbarak ya duba daga bango zuwa bango, babu Hammu. Akwai kurciya sau tara.

Shekaranjiya Addi ya shigo, ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya sha shayina kofi uku. Ya ce, "Tsoho, yasa Asabar ce, sha tara ga Maris."

Na ce, "Wa kake kira tsoho? A rana ɗaya aka yi mana kaciya, kai ne ka yi kuka."

Ya ce, "Na yi kuka, amma ƙafata biyu. Kai da me za ka sauka?"

Na ce, "Da wadda na shure ka da ita ranar bikin Lahsan."

Bai yi dariya ba. Ya juya kofi a hannu ya ce, "Hammu, in sunan ya faɗi, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwanka ni zai zo wa. Ba na so. Mutane za su ce da gangan na yi sauri wajen kira. Ka rubuta wa mai waƙar nan."

Na ce ina rubuta masa. Ban yi ƙarya ba, ga shi ina yi.

Ka ce da ka rubuta babu mai amsawa, kanka kake nufi. To, kai ka faɗa da bakinka. Ka gyara abin da ka ɓata kafin ranar yasa. Ni ban taɓa roƙon ubanka ba, ba kuma zan fara da ɗansa ba.

Hammu

*

Tinwalin, 3 ga Maris, 1988

Yidir,

Sallama. Alhamis huɗu motar wasiƙu tana zuwa, babu komai daga gare ka. Ina fatan lafiya ce. Ni yadda ka sani.

Na sa Itto ta share ɗakin sama, ta shanya barguna. Ba don kowa ba, ƙura ce ta yi yawa. Mota daga birni tana tsayawa a gada yanzu, ba a tsohuwar kasuwa ba, daga nan tafiyar rabin awa ce. Fartanyar ubanka tana nan, na sa an sake mata ƙota.

Saura kwana goma sha shida.

Hammu

Si Yidir, wannan layin nawa ne, Mbarak, bai san na ƙara ba. Mutum yake so, ba takarda ba. Jiya na gan shi a bayan gida yana gwada ɗaga kwando da rabin yashi, bai kai gwiwa ba. Don Allah ka zo.

*

Kazabalanka, 6 ga Maris, 1988

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Daga Kazabalanka nake rubutowa, sati na biyu ke nan ina nan, kuma sai ƙarshen wata zan koma gida. Na ɗauki hutu daga makaranta saboda maganarka. Ka ce in gyara abin da na ɓata kafin ranar yasa, na kuwa rantse sai na yi.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Mai ɗab'i ya riga ya shirya shafuka, ya ce baiti ɗaya ba ya tayar da injin. Na yi ta zarya a ofishinsa har ya gaji da ganina. Abokaina sun ce na lalata mafi kyawun baiti a littafin don in faranta wa ƙauye rai. Na ce su faɗi abin da suke so. Ga yadda ya koma:

A bakin magudana ana kiran gidan Ubihi,
Murya ɗaya ta amsa, ruwa ya juyo.

Na sauke kaka daga doki, na mayar masa da jakinsa mai kunne ɗaya, waƙar kuma ta fi kyau, ban yi zato ba. Na raba kakata da Gwaggo Tuda, kowacce da shafinta. A farkon littafin an sa: "Ga Baffa Hammu, wanda ya zauna." Rumman kaɗai na bari, ka yi mini haƙuri da shi.

Ga shafin gwaji na haɗo da wasiƙar nan. Na lissafa zai iso kafin sha tara ga wata. Ina roƙon Si Mbarak ya karanta shi a bakin magudana a gaban kowa, musamman Addi, kafin ka sauka ka amsa. Zan so a ce ina wurin in ji muryarka. In Allah ya yarda da babban hutu zan kawo yara su ga gidan.

Na gaji ƙwarai, Baffa, amma rabona da jin sanyi a rai irin na yau an daɗe.

Ɗanka,
Yidir

*

Tinwalin, 7 ga Afrilu, 1988

Yidir, ɗan wana,

Sallama. Ina gaida maiɗakinka da yara. Azumi ya matso, Allah ya nuna mana. Ina kwance tun sati biyu da rabi, ƙugun bai sake karyewa ba, ya dai yi fushi. Itto ta tare a nan.

Wasiƙarka ta iso ana saura kwana biyu yasa. Tangarahon da ka bugo bayan ka koma gida ka tarar da tawa, shi ma ya iso. Kalma biyar, uku a ciki ban-haƙuri ne. Na kuma ji abin da Mbarak ya ƙara a bayan idona. Na yi kwana goma ba na yi masa magana, amma garin nan ba wani mai rubutu da zan iya jurewa, ga shi na dawo.

Ka ce kana so ka ji yadda aka yi. To.

Mijin Itto ya ɗora ni a jaki bayan an karya kumallo. Mbarak ya zo da shafinka a aljihu, na ce in ya fito da shi zan jefa shi a ruwa, shi da shafin. Gari duk ya hallara. Addi ya fara kira. Mu ne na goma sha huɗu. Da ya zo na sha uku sai tari ya kama shi, ya nemi ruwa, ya sha, ya gyara rawani, yana ta duban hanyar gada. Ni ban duba ba. Na riga na san abin da ke cikin wasiƙa.

Ya ce, "Gidan Ubihi."

Na ce, "Ga mu."

Na ajiye sanda ɗaya, na zauna a gaɓa, na zame a kan duwawu kamar yaro har ƙafata ta taɓa laka. Mijin Itto ya miƙo hannu, wani dattijo ya riƙe masa riga. Na tsaya. Wallahi na tsaya, Yidir, da ƙafata. Na cika kwandon da fartanyar ubanka, ban rage ba, don kada gobe a ce rabi na zuba. Na ɗaga ya kai gwiwa. Na sake ɗagawa ya kai cinya. Gaɓar tana daidai ƙirjina. Daga nan ƙafar ta ce ita ta gama, na zauna cikin laka, kwandon a cinyata.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Addi ya sake kira, na sake cewa ga mu. Ya tsuguna a gaɓa, ya rage murya ya ce, "Ɗan mai salka, zubar da rabi mana, ni ban ga komai ba."

Na ce, "Kai ba ka gani ba, ni na gani."

Ya ce, "Taurin kan nan naka shi zai kashe ka."

Na ce, "Yi kira na uku, rana tana yi wa mutane."

Ya yi. Na amsa. Ya jira har wani ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Kwando bai hau ba," ya kira gida na sha biyar. Mutum huɗu suka fito da ni.

An raba Larabar. Shekaranjiya Addi ya aiko wai bakin gonarsa yana yoyo ta wajen dabinona, shi kuma bayansa na ciwo, ba zai iya toshewa ba bana. Na tura mijin Itto ya toshe masa. Ubana da fartanya ya samu ruwan nan, ba da yoyon maƙwabci ba. Itto ta ce ba ni da hankali. Wataƙila.

Ba na cewa laifinka ne kai kaɗai. Mbarak ya ce da na buɗe baki na ce "zo" tun a Disamba, da yanzu wani zance ake yi. Kalmar ba ta da tsawo, na sani. Shekara talatin da uku tana maƙale a bakina, tun daga ubanka, ba ta fito ba. Kai kuma an ce maka gyara, sai ka nufi wurin da ka iya gyara. Kowa ya tafi magudanar da ya sani.

Kada ka taso yanzu, ba abin da za ka tarar sai tsoho a kwance da mace mai faɗa. In za ka kawo yaran, ka kawo su da kaka. Dabinon zai yi 'ya'ya bana da sauran danshin bara, su ci na kakansu sau ɗaya. Ɗakin sama a share yake.

An karanta mini shafin daga baya, ni kaɗai, an rufe ƙofa. Jakin ya yi. Na ji ubana a ciki, har warin salkar. Sunana da ka sa a gaba, na gode, ka bar shi in kana so. Rumman kuma Addi ya ce ya ba ka halak malak.

Amma baitin magudana ka je wurin mai ɗab'in nan ka ce ya mayar da na farko yadda yake. Murya ɗaya ta amsa, gaskiya ne, har sau uku. Ruwa dai bai juyo ba. Abokanka sun fi ka gaskiya, na farkon ya fi kyau, kuma daga bana ba wanda zai tsaya a shagon Mbarak ya ce ƙarya ka yi.

Baffanka,
Hammu ɗan Ubihi